Likitan Da Ya Tambayi Lafiyar Ma'aikatana Kafin Ya Duba Kajina: Sharhi Kan Wani Shagon Magungunan Dabbobi A Katsina

Shekara bakwai ke nan ina kiwon kajin ƙwai a wani fili da ke bayan gari ta hanyar Dutsin-ma, tun bayan da na ajiye aikin koyarwa. Kajin sun kai 1,200 a ɗakuna biyu, a ƙasa suke bisa ɓuntun shinkafa, kuma samari biyu ne ke kula da su tare da wani dattijo mai gadi. Shagon da zan yi magana a kansa yana cikin birnin Katsina, ana sayar da magungunan dabbobi da alluran rigakafi a gaba, a baya kuma akwai ofishin likitan dabbobi da ɗan ƙaramin ɗakin gwaji. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai yabo a cikin abin da zan faɗa, akwai kuma ƙorafi, kuma ba na so ƙorafin ya zama tozarci ga mutanen da suka amfane ni. Abin da nake auna wa mai karatu shi ne aikin da suke kira ziyarar gona, wato likita ya zo da kansa ya duba kaji, ya feɗe waɗanda suka mutu, ya ɗebi abin gwaji, sannan ya rubuta magani.

A tsakiyar hunturun da ya wuce kajin ɗaki na biyu suka fara mutuwa, yau uku gobe biyar, ƙwai kuma ya ragu har masu sari suka fara tambaya ko lafiya. Na yi abin da kusan kowane mai kiwo a garin nan ke yi: na je shagon na sayo maganin antibayotik mai suna tetarasaikilin na zuba a ruwa na kwana biyar, da na ga mutuwar ba ta tsaya ba na koma na sayo wani antibayotik ɗin, enrofuloksasin. Mako biyu ina cikin wannan hali kafin na amince in biya kuɗin ziyara. A cikin makon na biyu ne ƙaramin cikin samarin nan biyu, wanda ke kwashe ƙwai da share ɗaki, ya kwanta da zazzaɓi da ciwon ciki da gudawa, aka kai shi kemis aka ce taifot ne da maleriya, aka haɗa masa ƙwayoyi. Ban taɓa kawo wa raina cewa kwanciyarsa da halin da kajin ke ciki suna da wata alaƙa ba.

Likitan ya iso da hantsi a kan babur, saurayi ne da ba zai wuce sa'ar ɗana na fari ba. Abin da ya fara burge ni shi ne bai nufi ɗakin kaji kai tsaye ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sauya takalmi, ya sa rigar aiki da safar hannu da takunkumi, ya leƙa kwamin ruwan maganin da ake tsoma ƙafa ya tarar ya bushe ƙaf, bai ce komai ba tukuna. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, mutum nawa ne ke shiga ɗakunan nan, kuma duk suna lafiya?" Da na gaya masa ɗaya na kwance, ya tambayi ranar da ciwon ya fara, da inda yaron ke cin abinci, da ruwan da yake sha, da ko ana ba ma'aikata fasassun ƙwai su tafi da su. Amsoshin duka ba su yi mini daɗin faɗa ba. A ɗakin ajiyar abincin kaji yake kwana saboda ɗumi, a bakin ɗakin kaji suke cin tuwonsu da rana, daga tankin da ke shayar da kaji suke cika buta, fasassun ƙwai kuwa nasu ne tun ranar da na fara kiwo, kuma a ganina alheri nake yi musu.

Ya feɗe kaji huɗu a bayan ɗaki, a kan leda, ya kira ni da babban yaron mu gani da idonmu. Zuciya da hanta duk sun lulluɓe da wani abu rawaya-rawaya mai kama da daskararren kindirmo, cikin biyu daga cikinsu kuma cike yake da gwaiduwar da ta fashe ta ruɓe. Ya ce wannan kamannin aikin ƙwayar bakteriya ce da ake kira ikolai, wadda dama tana zaune a hanjin kaza, ba ta yin ɓarna sai ta sami ƙofa. Ƙofar kuwa ni na buɗe ta. Saboda sanyi na sa an toshe tagogi da buhuna da tamfol, iska ta daina ratsawa, ɓuntun ya jiƙe a ƙarƙashin mazuban ruwa, warin amoniya ya taru har yana sa ido hawaye. Wannan warin da ƙurar hunturu suna lalata 'yan siraran gashin da ke share hanyar numfashin kaza, daga nan ƙwayar ta shiga jakunkunan iska ta bi jini. Duk da haka ya ce ba zai rubuta magani da ido kawai ba. Ya ɗebi abin gwaji daga hanta da zuciya, ya kuma ɗebi kashin kajin da ke yawo lafiya lau, da ruwan mazubi, da ƙurar da ke kan ragar taga. Na nemi ya ba ni wani abu in fara zubawa kafin sakamako ya fito, ya ƙi, cikin ladabi amma ba tare da sassauci ba. Ya ce in dakatar da duk maganin da nake bayarwa, in buɗe saman tagogin, a kwashe jiƙaƙƙen ɓuntu, a rufe tanki a sa sinadarin kulorin.

A nan ne darajar wannan aiki take a wurina, domin bayanin da ya yi mini a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, bayan ya wanke hannu, shi ne abin da shekara bakwai na sayen magani ba su koya mini ba. Mu masu kiwo idonmu na kan kazar da ta takure ta saki fukafukai, saboda ita ce asarar da muke gani. Amma ƙwayoyin da suka fi kama ɗan Adam daga kaji galibi suna cikin kazar da ke cin abinci tana ƙwai ba tare da wata alama ba. Ƙwayar bakteriyar da ake kira salmonela iri-iri ce. Akwai wadda ke haddasa abin da muke kira taifot ɗin kaji, mai sa koren zawo da ƙanƙancewar zanko da kumburin hanta, da 'yar'uwarta mai sa farin zawo a 'yan tsaki. Waɗannan suna kashe kaji sosai amma da wuya su kama mutum, kuma ba su ne ke kawo taifot ɗin mutane ba, wanda daga mutum zuwa mutum yake yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci. Akwai kuma wasu nau'o'in da babbar kaza ke ɗauke da su ba ta ko tari, suna fita a kashinta, suna manne a ɓawon ƙwai, wani nau'in ma yana shiga cikin ƙwan tun kafin ɓawo ya rufe shi. Su ne ke sa mutum zazzaɓi da murɗar ciki da gudawa cikin awa 6 zuwa 72 bayan sun shiga baki, ciwon kuma yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Haka wata ƙwayar da ake kira kamfilobakta take, ita ma tana zaune a hanjin kaza lafiyayya, takan bayyana a jikin mutum bayan kwana 2 zuwa 5, wani lokaci da jini a bayan gida, kuma a wasu mutane ƙalilan takan bar shanyewar gaɓoɓi bayan gudawar ta wuce.

Ya nuna mini tantabarun da ke sauka a kan rufi suna shan ruwa a bakin tanki, ya ce tantabara da talo-talo da agwagwa suna iya ɗaukar wata ƙwaya da ke bin ƙurar busasshen kashi ta shiga huhun mai shara, ta zo da zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari bayan mako ɗaya ko biyu, a yi ta maganin maleriya ba a dace ba. Ya kama hannun babban yaron ya duba kaushi da tsagewar da hunturu ya yi masa, ya ce ta irin wannan tsaga wata ƙwayar ke shiga lokacin fiɗa ko figa, yatsa ya kumbura ya yi ja yana zafi. Na daɗe ina ganin yaran nan suna naɗe fuska da tsumma suna loda busasshen kashin kaji a buhu domin masu lambu da ke zuwa saye daga wajen Ajiwa, ƙura ta turnuƙe har ba a ganin mutum, kuma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki mai haɗari ba. Shawararsa a nan mai sauƙi ce: a yayyafa ruwa kafin shara, a sa takunkumin da ke kama fuska sosai, a bar kayan aiki a gona kada a shiga da su gida, domin ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu su ne gudawar salmonela ta fi jigatawa.

Game da yaron da ke kwance, bai wuce iyakarsa ba, kuma na yaba masa a kan haka. Ya ce, "Malam, ni likitan dabbobi ne, ba zan rubuta wa mutum magani ba. A kai shi asibiti yau, a gaya wa likita cewa aikin kaji yake yi, a roƙi a gwada bayan gidansa, kafin nan kuma a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari." Ya rubuta 'yar takarda da ke bayyana irin aikin yaron da magungunan da aka zuba wa kajin, ya ce a miƙa wa likitan asibiti. An kai shi, an ƙara masa ruwa, ya koma aiki bayan kwana goma, ya rame amma ya warware. Mahaifiyarsa ta zo gonar daga ƙauyensu ta yi godiya, ni kuwa kunya ce ta kama ni, domin ɗanta amana ne a hannuna, kuma ni na ajiye shi yana kwana a tsakanin buhunan da ɓeraye ke bi.

Sakamakon gwajin ya tabbatar da ikolai a hanta da zuciya, ya kuma nuna salmonela a kashin lafiyayyun kajin da ruwan mazubi. Sashen da ya fi tayar mini da hankali shi ne na gwajin jin magani. Ana shuka ƙwayar a faranti, a ɗora 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, a bar shi ya kwana a ɗumi, sannan a auna da'irar da kowane magani ya share a kewayensa. Likitan ya nuna mini farantin. A kewayen tetarasaikilin babu ko alamar da'ira, ƙwayar ta tsiro har jikin takardar, na enrofuloksasin ma kaɗan ne ƙwarai. Wato mako biyu na yi ina zuba kuɗi a ruwa, kuma ba asarar kuɗin ce kaɗai matsalar ba. Enrofuloksasin ɗan gida ɗaya ne da sifrofuloksasin da ake ba mutane, har ma jikin dabba yakan juya wani sashensa ya koma shi, saboda haka ƙwayar da ta koyi jure ɗaya takan jure ɗayan. Wannan dalili ne ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye izinin amfani da shi a kaji a 2005. A cikin ƙwayoyin da kemis ya haɗa wa yarona kuwa har da sifrofuloksasin. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Da ina jin irin wannan magana a rediyo kamar labarin wata ƙasa, sai ga shi a faranti daga gonata.

Da gangan ba zan faɗi sunan maganin da ya rubuta ba, domin na san halinmu, wani zai karanta ya je ya saya ba tare da gwaji ba. Ya auna shi bisa nauyin kajin da yawan ruwan da suke sha a yini, ba da murfin kwalba ko cokalin shayi ba kamar yadda muka saba, kuma mutuwar ta tsaya a kwana na huɗu. Sharaɗin da ya biyo baya shi ne mafi ɗaci: ƙwan da aka yi a kwanakin shan magani da kwanakin jira na bayansa ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba ne, kuma ba na ma'aikata ba ne, domin ragowar maganin na cikinsa. Na tsaya ina kallo ana binne kiret-kiret na ƙwai a lokacin da buhun abinci ke neman gagarar mai ƙaramin jari. Haka ya hana al'adar nan ta yanka kazar da ta kusa mutuwa a ba yara ko a kai wa masu figa a kasuwa; yankan ya halatta ta, amma bai cire ƙwayar cuta ko maganin da ke jikinta ba, kuma mai yankan da mai figar su ne farkon waɗanda za su taɓa ta. Mushen kuma ya ce a binne shi a rami mai zurfi ko a ƙone, kada a jefa bayan katanga karnuka su ja. Wanda zai kira wannan likita ya san cewa zai faɗa masa irin waɗannan maganganu, kuma zai sake tambaya a waya ko an yi.

Sai ƙorafina, wanda na riga na faɗa wa mai shagon baki da baki. Na farko kuma mafi girma, magungunan nan biyu da likitan ya nuna mini illar zuba su barkatai, a kantar gaban ofishinsa na saye su. Yaran kanta ba su tambaye ni ko kajin ƙwai ne ko na nama ba, ba su ambaci kwanakin jira ba, ɗaya ma cewa ya yi in haɗa biyun zai fi ƙarfi. Gida ɗaya ne, amma abin da ake koyarwa a ɗakin baya ana rushe shi a ɗakin gaba, kuma masu shiga ɗakin gaba sun ninka masu shiga na baya sau da yawa. Na lura dai ba sa ajiye kuloramfenikol da furazolidon, waɗanda aka haramta bai wa dabbobin da ake ci, kuma kayansu na ɗauke da lambar NAFDAC, amma wannan bai wanke su daga sayar da antibayotik kamar ana sayar da gishiri ba.

An yi mini alkawarin sakamako cikin kwana uku, sai da ya kwana shida, aka ce rashin wuta ne ya sa aka sake shukar. Mai kiwon da kajinsa ke mutuwa kullum, aka kuma hana shi zuba magani, kwana ukun nan na ƙari ba ƙaramin abu ba ne, kuma na tabbata da yawa za su karaya su koma kanta. Abin mamaki shi ne firjin rigakafinsu na aiki da hasken rana, na gani da idona, sanyinsa bai yankewa, kuma suna ba da rigakafin cututtukan kaji na Gumboro da Niyukasil a cikin ƙanƙara. Wanda ya iya yi wa firji wannan tanadi zai iya yi wa na'urar ɗumama faranti. Gwajin nasu kuma yana tsayawa ne a kan cewa salmonela ce, tantance nau'inta sai an aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wannan aiki tun 1924, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ya kamata a ce shagon na da tsayayyen tsarin tattara irin waɗannan samfura ya aika a madadin manoma, maimakon a bar kowa ya nemi direban mota da kansa.

Takardar sakamakon da Turanci aka rubuta ta, cike da gajerun haruffan da ni ma da na yi shekara talatin a aji sai da aka fassara mini. Mutanen da ke shaƙar ƙurar nan kullum ba su da abin da za su karanta ko a karanta musu. Da na nemi takunkumi mai kyau da doguwar safar hannu da takalmin roba a shagon, babu ko ɗaya, sai da na shiga babbar kasuwa na haɗo su a wurare uku. Shagon da likitansa ke fara tambayar lafiyar ma'aikaci bai kamata a rasa kayan kare ma'aikaci a cikinsa ba.

Ta fuskar kuɗi, ziyarar da fiɗar da gwajin gaba ɗaya ba su kai abin da na kashe a kan magungunan da ba su yi aiki ba, balle a haɗa da kajin da suka mutu a makonni biyun da na yi ina jinkiri. Likitan ya dawo bayan mako uku ba tare da ya karɓi kuɗin ziyara ba, sai na man babur, ya zagaya ya ga ɗakin kwanan da na gina wa yaran nesa da kaji, da randar ruwan shansu daban, da bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane ɗaki. Bai yaba ba sai da ya ɗaga murfin tanki ya kuma tsoma sandarsa a kwamin wanke ƙafa. Ya ƙara da gargaɗi a kan kiret ɗin kwali da masu sari ke yawo da su daga gona zuwa gona, ya ce a tsayar da su a bakin ƙofar waje, a riƙa fito musu da ƙwai a namu na roba da ake wankewa. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa magani ba ya raba garken kaji da salmonela gaba ɗaya, abin da ake iya yi shi ne a rage ta, a tsare hannu da baki, a dafa ƙwai har gwaiduwa ta daskare, sannan idan wannan garken ya fita a wanke ɗaki a bar shi ya huta kafin a zuba sabo.

Mai kaji ashirin a bayan gida wataƙila ya ga kuɗin gwajin ya yi masa yawa, kuma zai fi masa sauƙi ya kai gawar kazar ofishin a feɗe a can. Amma duk wanda ya ɗauki ɗan wani aiki a ɗakin kaji, ina ba shi shawara ya nemi ganin likitan dabbobin ido da ido, ya wuce kanta kada ya tsaya, kuma ya kira tun a rana ta biyu da fara mutuwa, ba a mako na biyu ba. Sababbin 'yan tsakina za su taso daga Ibadan bayan sallah, kuma mun riga mun yi magana da likitan cewa ranar da motar ta iso zai zo ya ɗauki takardar shimfiɗar kwalayen da waɗanda suka mutu a hanya ya gwada, tun kafin yaran su fara sa hannu a cikinsu.